Mako na Shida: Haƙƙin Mai Saye a Wuyan Mai Sayarwa

Ina zaune a gida ba aiki, wata uku bayan na kammala hidimar ƙasa, sai saƙon murya ya shigo wayata daga Kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda ya shafe fiye da shekara 20 yana aikin jinya a Amurka. Bayan gaisuwa da tambayar mutanen gida, ya ce: "Ɗana, kai ne ka karanci harshe, kuma na san alƙalaminka. Ina so ka rubuta mini tallar wani masauki da nake da shi a kan dutse, ka tsara ta yadda duk wanda ya karanta zai ji ƙafarsa na ƙaiƙayin tafiya." Ya turo hotuna da takardu. Na ga ɗakuna biyu da falo, da murhun jin ɗumi, da baranda mai kallon tsaunukan Smoky na jihar Tennessee, waɗanda hazo mai ruwan shuɗi ke lulluɓewa da safe. Ban yi wata-wata ba na amsa masa. Wannan mutum shi ya ɗauki nauyin karatuna tun rasuwar mahaifina, kuma wannan ne karo na farko da ya nemi wani abu a wurina.

A daren na rubuta tallar, kuma ba zan ɓoye ba, ta yi kyau. Sai da na koma cikin takardun don tabbatar da girman ɗakunan, sannan na ci karo da wata wasiƙa daga ƙungiyar masu ginin. Tana sanar da cewa an yanke shawarar sake rufin ginin gaba ɗaya, kuma kowane mai rabo zai biya dala 2,400 cikin shekara biyu, ban da kuɗin kula da gini da ake biya duk shekara. Da na tambayi Kawu ko in sa wannan a tallar, sai ya yi ɗan shiru, ya ce: "Bar wannan. Wanda zai saya ya samu, yaro ne na masallacinmu, sabon ango. Tallar dai don ya nuna wa amaryarsa ce." Daga wannan daren tambayar da ke cikin wannan rubutu ta hana ni barci: shin mutumin da aka ɗora wa kaya ta hanyar yaudara yana da izinin sauke su a kan wani ta hanyar yin shiru?

Kafin a yanke hukunci, ya kamata a san mene ne ake sayarwa. Abin da Kawu ya mallaka mako ɗaya ne a cikin shekara, a wani ɗaki na wurin shaƙatawa. Ana raba shekara zuwa makonni 52, a sayar da su ɗaya bayan ɗaya ga mutane daban-daban, kowa ya zo a makonsa ya tafi, wani ya karɓa. Zan kira wannan tsari mallakar karɓa-karɓa. A Turai ya samo asali, cikin shekarun 1960: kamfanin Hapimag ya fara a Suwizalan a 1963, kuma a wurin wasan ƙanƙara na SuperDévoluy da ke tsaunukan Alps na Faransa aka tallata shi da hujjar cewa mallaka ta fi haya sauƙi. Daga nan ya ƙetara Amurka, inda a 1974 aka kafa RCI domin masu makonni su riƙa musaya tsakaninsu. A kan takarda tunanin yana da ma'ana, domin ba kowa ke iya sayen gida a kan dutse ba, kuma wanda ya iya ma ba zai zauna a ciki duk shekara ba.

Matsalar tana cikin abubuwa uku da mai talla ba ya tsayawa a kansu. Na farko, kaso mai tsoka na farashin farko, wanda sau da yawa kan kai kusan rabi, yana tafiya ne wajen talla da la'adar dillalai da kyaututtukan da ake jawo mutane da su, saboda haka darajar abin tana zubewa tun ranar da aka sa hannu. Na biyu, akwai kuɗin kula da gini na kowace shekara, wanda ake biya ko an je ko ba a je ba, kuma bisa al'ada hawa yake yi. Na uku, yawancin irin wannan mallaka a Amurka ba ta da ranar ƙarewa. Tana shiga cikin gado, kuma wanda ya daina biya yana fuskantar masu karɓar bashi da ɓacin sunansa a rajistar masu cin bashi, abin da a can kan shafi hayar gida da sayen mota. Saboda haka ne ake ganin mutane suna sa makonninsu a eBay a kan dala ɗaya tak. Kawu ya sayi nasa a 2009 a kan dala 18,000, bayan zaman sa'o'i huɗu da wasu masu talla da suka yi masa alkawarin cewa jari ne da zai ƙara daraja. Makonsa shi ne na shida, farkon Fabrairu, lokacin da itatuwa suka kaɗe kuma sanyi ya kori baƙi. Sau uku kacal ya taɓa zuwa. Kuɗin shekara ya tashi daga dala 600 zuwa 1,150. Ya kuma taɓa biyan kafin alƙalami ga wasu da suka kira shi a waya suka ce suna da mai saye a hannu, daga nan bai sake jin ɗuriyarsu ba, irin damfarar da hukumar kare masu sayayya ta Amurka ta daɗe tana gargaɗi a kanta.

Na kawo wannan dalla-dalla ne don kada a ɗauki Kawu a matsayin mugu. Mutum ne da aka cuta sau biyu, yana dab da yin ritaya, yana son komawa gida, kuma ba ya son ya mutu ya bar wa 'ya'yansa takardar bashi da sunan gado. Hujjojinsa kuma ba na wasa ba ne. Na ji su daga bakinsa a kira uku, kuma zan jera su yadda ya faɗe su. Ya ce ba zai yi ƙarya ko ɗaya ba, duk abin da ke cikin tallar gaskiya ne. Ya ce yaron baligi ne mai ilimi, yana ƙasar da komai ke rubuce, idan ya so ya bincika. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ya ce dala 3,000 da suka daidaita a kai kashi ɗaya ne cikin shida na abin da shi ya biya, wato kusan kyauta. Daga ƙarshe ya ce, da murya mai rauni: "Ni wa ya gaya mini?"

Hujja ta farko tsohuwa ce ƙwarai. A shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa, masanin Rum Cicero ya rubuta littafi a kan wajiban ɗan Adam, kuma a kashi na uku ya kawo misalin mutumin da ke sayar da gida mai aibin da shi kaɗai ya sani: ana ɗaukarsa lafiyayye alhali yana jawo cuta, katakonsa ya ruɓe, kuma akwai miyagun ƙwari a ɗakunansa. Ya haɗa malamai biyu muhawara a kai. Diogenes na Babila ya ce yin shiru daban, ɓoyewa daban. Mai sayarwa bai tilasta wa kowa ba, kuma wauta ce mutum ya tsaya a kasuwa yana kushe hajarsa. Almajirinsa Antipater ya ce barin mutum ya faɗa cikin asara alhali kana iya tsayar da shi da kalma ɗaya daidai yake da ƙin nuna hanya ga wanda ya ɓata. Cicero ya goyi bayan almajirin. Dalilinsa shi ne, shiru yana zama ɓoyewa a duk lokacin da ka yi shi don amfanin kanka, kana sane da cewa wanda ke gabanka yana da buƙatar sanin abin. Wannan ma'auni ya dace da halin Kawu sarai. Bai manta da wasiƙar ba. Ya zaɓi a cire ta ne domin ya san me za ta haifar idan an karanta.

Ana iya ba Kawu wata mafaka a wurin malamin Kirista Thomas Aquinas na ƙarni na 13. Shi ya bambanta aibin da ke jikin haja da abin da zai faru nan gaba. Ya ce ɗan kasuwar da ya kawo hatsi garin da ake yunwa, yana sane da cewa wasu masu hatsi na tafe a bayansa, adalci bai wajabta masa ya sanar ba, ko da yake sanarwar ta fi falala. Sai a ce gyaran rufi ma abu ne na gaba. Amma kwatancen bai tsaya ba. Zuwan wasu fatake labarin kasuwa ne, bai taɓa hatsin da ke cikin buhu ba. Kuɗin rufi kuwa an riga an yanke shi, an rubuta adadinsa, kuma yana manne da makon kamar yadda ƙaho ke manne da sa. Duk wanda ya karɓi ɗaya ya karɓi ɗayan. Aquinas da kansa ya ce aibin da yake ɓoye, wanda zai jawo wa mai saye asara, wajibi ne a bayyana shi.

A gidanmu ba sai an je Rum ba. Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya san babin ciniki, inda aka haramta algus da yaudara da ɓoye aibi. Ma'aunin da aka kafa a wurin ya fi na Cicero tsanani: duk wani abu game da hajarka wanda da ka ambata shi mai saye zai ƙi ta, ko ya rage kuɗinta, ba ya halatta ka rufe shi. Asalin wannan yana cikin hadisin da Muslim ya ruwaito, na ranar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa. Mai abincin bai yi ƙarya ba, ruwan sama ne ya taɓa shi. Laifinsa shi ne ya bar busasshen a sama, jiƙaƙƙen a ƙasa. Da na tuna da wannan sai na dubi tallar da na rubuta, na gane cewa aikin da aka ba ni ke nan: in jera hazon safe da murhu da baranda a sama, in bar wasiƙar rufi a ƙasa. Kowace jimla gaskiya ce, tarin kuma yaudara ne.

Hujja ta biyu, cewa yaron zai iya bincike, tana da ƙarfi a tsakanin baƙi biyu da suka haɗu a kasuwa, kowa na tsaron kansa. Amma me ya sa Kawu ya zaɓi ɗan masallacinsu, bai sa makon a intanet ba? Domin a intanet mutane suna bincike, kuma sun riga sun yanke wa irin wannan haja farashin dala ɗaya. Yaron ya yarda da dala 3,000 ne saboda dattijon da yake gaisarwa bayan sallar Juma'a ne ya ce masa abin yana da kyau. Ashe amanar ce ta kawo farashin. Ba zai yiwu mutum ya ci ribar amanar da aka ba shi, sannan ya juya ya ce laifin mai amanar ne da bai yi zargi ba. Karin maganar rariya ma ba ta taimake shi ba, domin hujin rariya a fili yake, kowa na gani kafin ya biya.

Masanin tattalin arziki George Akerlof ya bayyana a 1970 abin da ke faruwa da kasuwa idan mai sayarwa ya fi mai saye sanin haja, ya yi misali da motoci na hannu, kuma aikin na cikin abin da ya ba shi kyautar Nobel a 2001. Idan masu saye ba sa iya bambance mai kyau da mara kyau, sai su ɗauki kowace a matsayin abin zargi, farashi ya faɗi, masu haja mai kyau su janye. Dala ɗayan nan ta eBay sakamakon dubban shiru ne irin wanda Kawu ya nema a wurina. Kowane mai sayarwa da ya ɓoye wasiƙarsa ya ƙara rage darajar makon maƙwabcinsa mai gaskiya. Haka abin yake a ƙaramar al'umma ta baƙi a ƙasar waje, sai dai a can abin da zai faɗi ya fi farashi tsada, domin da maganar dattawa ake samun aiki da masauki da aure.

Hujja ta uku, ta arahar farashi, ta dogara ne da kuskuren lissafi. Abin da Kawu ya biya a 2009 ya tafi, kuma ba shi da alaƙa da darajar makon a yau. Darajarsa ita ce amfanin kwana bakwai a kan dutse a watan Fabrairu, a cire dala 1,150 na kowace shekara, a cire kuɗin rufi. Idan ana iya kama hayar ɗaki irinsa a wannan lokaci na sanyi da ƙasa da haka, to darajar ta faɗa ƙasa da sifili. A irin wannan hali wanda ya karɓi makon shi ne ya yi wa mai shi alheri, kuma shi ya cancanci a biya. Karɓar dala 3,000 daga hannunsa sayar masa da bashi ne da sunan dukiya.

Saura ta huɗu, wadda ta fi taɓa zuciyata: ni wa ya gaya mini? Gaskiya ne ba a gaya masa ba, kuma an zalunce shi. Amma zaluncin da aka yi maka yana ba ka haƙƙi ne a kan wanda ya yi maka shi, ba a kan wanda ke wucewa ba. Wanda aka ba jabun kuɗi a canji yana da ƙara a kan mai canjin. Idan ya kai su wurin mai ƙosai da asuba kafin gari ya waye, ya tashi daga wanda aka cuta ya koma macuci, kuma zafin asararsa bai canza wannan ba. Na san wannan amsa tana da ɗaci, domin sakamakonta shi ne mai gaskiya ya riƙe asara, kamfani ya tafi da riba. Sai dai gyaran wannan rashin adalci yana sama, wurin doka. Tarayyar Turai ta kafa doka a 2008 da ta ba mai saye kwana 14 ya janye ba tare da asara ba, ta kuma hana karɓar kuɗi a cikin waɗannan kwanaki. A Sifen dokar 1998 ta taƙaita irin wannan yarjejeniya zuwa shekara 50, kuma a 2015 kotun ƙolin ƙasar ta soke yarjejeniyar da aka ƙulla ba wa'adi. Waɗannan matakai suna mayar da nauyi kan wanda ya ƙirƙire shi. Miƙa shi ga sabon ango kuwa tsawaita igiyar ne kawai, domin shi ma bayan shekara biyar zai nemi wani ya ɗora wa, yana maimaita tambayar Kawu.

To, idan an bayyana komai, ya halatta a sayar? Ina ganin ya halatta, domin tsarin kansa ba haramun ba ne. Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin rabon amfani bisa lokaci tsakanin masu tarayya a gida ko dabba, suna kiransa muhaya'a, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na 2007 a Malesiya, ta amince da mallakar karɓa-karɓa bisa sharuɗɗa. Akwai iyalan da ke zaune kusa da tsaunukan, masu son sanyi, waɗanda za su je duk shekara su ji daɗin abin da suka biya. Tambayar da mai sayarwa zai yi wa kansa ɗaya ce: akwai wanda zai so wannan abu bayan ya san duk abin da na sani? Idan akwai, aikinsa ya nemo shi, ko da zai ɗauki lokaci. Idan babu, to abin da yake shirin karɓar kuɗi a kansa jahilcin mai saye ne. Hanyoyin gaskiya suna nan, duk da cewa kowace tana da ciwo: ya roƙi masu ginin su karɓi makon, kamar yadda wasu ke yi ga wanda ba a binsa bashi, ko ya bayar kyauta, ya biya kuɗin sauya suna da na rufi, ko ya riƙa ba da hayar makon yana rage asara.

Ban fito daga wannan al'amari da hannu mai tsabta ba. Na rubuta tallar farko da zumuɗi, ban tambayi komai ba, kuma da ban koma neman girman ɗaki ba da na tura ta. Ko bayan na ga wasiƙar, na kwana biyu ina lallashin kaina cewa ni ɗan aike ne, alhaki na mai kaya ne. Amma dillalin da ya san aibin doki ya yaba tafiyarsa yana da rabo a cikin zunubi kamar yadda yake da rabo a la'ada, kuma tawa la'adar ita ce in rage nauyin alherin da ke wuyana. Na gane cewa ina shirin biyan bashin karatuna da kuɗin wani yaro da ban taɓa gani ba.

A rana ta uku na sake rubuta tallar. Na bar hazon da murhun, domin su ma gaskiya ne. A sakin layi na biyu na sa makon da watansa, da kuɗin shekara da yadda ya hau, da kuɗin rufi, da cewa mallakar ba ta da wa'adi. Na tura masa tare da saƙo: "Kawu, ku gafarce ni. Duk abin da kuka sa ni zan yi, amma wannan ita ce tallar da zan iya sa hannuna a kai. Idan kun yarda, zan rubuta wa masu ginin takardar roƙon su karɓi makon, in kuma nemo inda ake ba da haya."

Ya yi mako biyar bai amsa ba. Mahaifiyata ta kira ni ɗaki ta tambaye ni abin da na yi wa ɗan'uwanta, na gaya mata, ta daɗe tana kallon ƙasa, ba ta ce na yi daidai ba, ba ta kuma ce na yi kuskure ba. Daga baya na ji cewa Kawu da kansa ya nuna wa yaron wasiƙar bayan sallar Juma'a, yaron ya yi godiya ya janye. Masu ginin sun amsa takardata da cewa ba za su duba roƙon ba sai an gama biyan kuɗin rufi. A watan Janairu takardar kuɗin shekara ta zo kamar kullum, ya biya, ya kuma ɗage komawarsa gida da shekara ɗaya. Da ya sake kirana, muryarsa ba ta koma yadda take a da ba, amma ya ce in sa tallar a intanet yadda na rubuta ta, kyauta ga duk mai so. Tana nan har yanzu, kuma duk ranar Asabar nakan buɗe in duba ko wani ya yi tambaya.